Hotunan Da, Da Masu Sanin Fuskokin Cikinsu

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar adakar mahaifinsa a nan Sabo ta Ibadan ya san aikin da laima da gara suke yi wa hoto. Fuska ta dushe, gefe ya cinye, wani ma ya manne da ɗan'uwansa, in ka ja sai su yage tare. To, wannan ciwon bai bar jami'o'i ba, shi ya sa suka shiga kwafe tsofaffin hotunansu da na'ura suna zuba su a kwamfuta.

Akwai wani Bature, E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria a zamanin mulkin mallaka. Ya zaga ƙasar nan da kyamara, ya ɗauki makarantu da kasuwanni da masu sana'a. Dubban hotunansa suna ajiye a laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern a Amurka, kuma an ɗora su a intanet. Abin da a da sai mai kuɗin jirgi zai gani, yau yaro na duba shi a wayarsa yana zaune a bakin shago.

Amma fa na'ura fuska take ɗauka, ba ta san suna ba. Sau da yawa abin da ake rubutawa a ƙasan hoton zamanin Turawa bai wuce "ɗan kasuwa Bahaushe" ba. Wane ne shi? Bakano ne ko Bakatsine? Fatauci yake yi ko dillanci? A gidan wa ya sauka? Dattijo ɗaya zai iya gane wannan daga naɗin rawani ko ɗaurin huhun goro, abin da mai digiri zai shekara bai gano ba.

Mun ga irin haka a baya. An kafa Sabo a 1916. Da Abner Cohen ya zo bincike a 1962, wurin masu masaukin baƙi da dillalan shanu da na goro ya zauna, daga bakinsu ya haɗa littafin da ya fitar a 1969. Yawancin waɗanda ya tarar sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Yaran da suke yi musu aike a lokacin su ne tsofaffinmu na yanzu, sun haura saba'in, idon wasu ma ya fara rauni.

Daga Jami'ar Ibadan zuwa Mokola ai mota ɗaya ce. Masu binciken su wanko mana hotunan da girma, su same mu bayan la'asar, mu kuma mu fito da namu na adaka, a rubuta sunan kowa a bayansa da fensir.