Daga Wata zuwa Dawanau: Nazarin Kalmar "Lunatic"

Sunan da al'umma ta raɗa wa cuta yakan tona abin da take zaton shi ne sanadinta. Kalmar Ingilishi "lunatic", wato mahaukaci, ta samo asali ne daga "luna", sunan wata a harshen Latin, ta ratso ta tsohon Faransanci kafin ta shiga Ingilishi. Mutanen Turai na da sun ɗauka cewa hauka da farfaɗiya suna tashi suna lafawa ne gwargwadon cikar wata da raguwarsa.

Da tafiya ta yi tafiya, kalmar ta shiga kundin shari'a, Turawan mulkin mallaka kuma suka kawo mana ita Najeriya cikin dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958. Hankalin dokar ya fi karkata ga tsare majinyaci, ba ga warkar da shi ba. Ingila ta daina amfani da kalmar a dokarta ta jinya a 1930, Amurka ta cire ta daga dokokin tarayya a 2012. Mu kuwa sai a Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Bahaushe bai ɗora laifin a kan wata ba. Shi iska yake zargi, wato aljani, ko sammu, kamar yadda "majnun" ta Larabci take tushe ɗaya da "jinn". Saboda haka a ƙauyukan Ungogo ta jihar Kano sau da yawa malami mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya ake fara nema, alhali asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yana nan kusa, a maƙwabciyarsu Dawakin Tofa. Sunan Dawanau ma ya zama baƙar magana a bakin Kanawa: da an ce "sai Dawanau", an gama da mutum.

Amma harshenmu yana da kalma mai tausayi. "Mahaukaci" takan shafe mutum gaba ɗaya, har ta hana 'yan gidansu aure. "Taɓin hankali" kuwa tana nuna cewa hankalin yana nan, taɓuwa ya yi, abin da ya taɓu kuma yana gyaruwa. Iyalin da suka ce ɗansu ba shi da lafiya sukan nema masa magani. Waɗanda suka yarda mahaukaci ne sukan nemo mari da turu.