Kanosa: Ƙauyen da Sarki Ya Jira a Ƙofa

Wannan makon mun leƙa Kanosa, ƙaramin ƙauye a kan tsauni a arewacin Italiya. A Janairun 1077 Sarkin Jamus Henri na Huɗu ya yi kwana uku a ƙofar fadar ƙauyen, ba takalmi, cikin ƙanƙara, yana roƙon Fafaroma Giregori na Bakwai ya yafe masa. Sun saɓa ne kan wa zai naɗa manyan limaman coci, kuma hakimansa sun ce in bai samu gafara ba, sarauta ta kuɓuce. Mai fadar mace ce, Matilda, tana cikin masu sulhun. Mu dai ita muka fi son a rubuta. Mutanen Rejiyo suka rushe fadar a 1255, kangonta na nan har yau.