Joseph Story (1779–1845): Alƙalin Amurka da Ya Tsaya Tsakanin Doka da 'Yancin Bayi

Gabatarwa

A cikin shekara guda, daga watan Maris na 1841 zuwa Maris na 1842, wani alƙalin Kotun Ƙolin Amurka mai suna Joseph Story ya rubuta hukunci biyu a kan bauta. Na farko ya kwance wa wasu 'yan Afirka ta Yamma mari, suka koma gida. Na biyu kuwa ya ƙarfafa hannun masu farautar bayin da suka tsere. Alƙalami ɗaya ne ya rubuta su, kuma mai alƙalamin bai taɓa ɓoye ƙyamarsa ga cinikin bayi ba. Ba za a gane yadda aka yi haka ba sai an bi tarihinsa, tun daga aikin lauya zuwa majalisa, har zuwa kujerar shari'a.

Haihuwa da Karatu

An haifi Story ranar 18 ga Satumba, 1779, a Marblehead, wani garin masunta da ke bakin teku a jihar Massachusetts. Mahaifinsa, Elisha Story, likita ne, kuma yana cikin waɗanda suka zubar da ganyen shayin Turawan Ingila a tashar jiragen ruwa ta Boston a 1773, abin da ya share fagen yaƙin neman 'yancin kai. Yaron ya kammala Jami'ar Harvard a 1798, ya koyi aikin shari'a a hannun manyan lauyoyi kamar yadda ake yi a wancan zamani, sannan ya buɗe ofishinsa a garin Salem a 1801.

Majalisa

A 1805 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin jiharsa a ƙarƙashin jam'iyyar Thomas Jefferson, ko da yake yankinsa na 'yan adawa ne. A ƙarshen 1808 ya tafi Majalisar Wakilai ta tarayya, inda ya yi 'yan watanni kawai. A wannan ɗan lokaci ya matsa lamba a soke dokar 1807 da ta hana jiragen Amurka fita fatauci, domin ta durƙusar da 'yan kasuwar yankinsa. Dokar kuwa ta Jefferson ce, shi ya sa shugaban bai sake yarda da shi ba. Story ya koma majalisar jiha, har ya zama kakakinta a 1811.

Kotun Ƙoli

A wannan shekarar shugaba James Madison yana neman wanda zai cike gurbi a Kotun Ƙoli. Mutum biyu sun ƙi karɓa, cikinsu har da John Quincy Adams, ɗaya kuma Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da shi. Sai rabo ya faɗa kan Story yana ɗan shekara 32, kuma har yau ba a naɗa wanda ya fi shi ƙuruciya a wannan kotu ba.

Ya zama na hannun daman babban alƙali John Marshall. Aƙidarsu ɗaya ce: tarayyar Amurka ba za ta ɗore ba idan kowace jiha za ta fassara kundin tsarin mulki yadda ta ga dama. A 1816, lokacin da kotun jihar Virginia ta ƙi bin umarnin Kotun Ƙoli a wata shari'ar filaye, Story ne ya rubuta hukuncin da ya tabbatar da cewa a kan dokar tarayya, maganar Kotun Ƙoli ita ce ta ƙarshe. Daga 1829 ya haɗa alƙalanci da koyar da shari'a a Harvard, ya kuma wallafa sharhin kundin tsarin mulki cikin mujalladi uku a 1833.

Shari'ar Jirgin Amistad

A 1839 aka ɗora wa wani jirgin ruwan Sifaniya mai suna Amistad mutum 53 a birnin Habana na Kiyuba. Yawancinsu 'yan ƙabilar Mende ne da aka sato daga yankin da yake ƙasar Saliyo a yau. A kan hanya suka yi bore ƙarƙashin jagorancin Sengbe Pieh, suka kashe shugaban jirgin da kukunsa, suka umarci Turawa biyu da suka saye su da su juya da jirgin zuwa Afirka. Turawan suka yaudare su, suna karkata arewa da dare, har sojojin ruwan Amurka suka kama jirgin kusa da New York a watan Agusta.

Sifaniya ta nemi a mayar mata da mutanen a matsayin dukiyar 'yan ƙasarta, gwamnatin shugaba Martin Van Buren kuma ta goya mata baya. Cikin lauyoyin da suka kare fursunonin akwai Adams, wanda ya ƙi kujerar da Story ke kai, ya kuma riƙe shugabancin ƙasa a tsakani. Ranar 9 ga Maris, 1841, Story ya karanta hukunci. Ya ce Sifaniya da kanta ta haramta kwaso bayi daga Afirka, takardun da ke nuna su bayin Kiyuba ne na jabu ne, saboda haka 'ya'ya ne da aka sace, kuma suna da haƙƙin ƙwatar kansu. Mutum 35 da suka rage da rai suka isa Saliyo a Janairun 1842.

Shari'ar Margaret Morgan

Margaret Morgan baƙar fata ce da ta yi zaman 'yanci a jihar Maryland, ko da yake ubangijin iyayenta bai rubuta mata takardar 'yanci ba. Ta ƙaura zuwa Pennsylvania tare da mijinta, wanda ɗa ne. A 1837 magadan ubangijin suka turo wani Edward Prigg, ya tafi da ita da 'ya'yanta Maryland da ƙarfi. Pennsylvania ta same shi da laifin satar mutane bisa dokarta ta 1826.

Da maganar ta kai Kotun Ƙoli, Story ya rushe dokar jihar a 1842. Hujjarsa ita ce kundin tsarin mulki ya ba mai bawa ikon kama bawansa a duk jihar da ya gudu, dokar tarayya ta 1793 ta tsara hanyar yin haka, kuma ba da wannan alkawari ba da jihohin kudu ba su shiga tarayya ba. Sai dai ya ƙara da cewa ba a tilasta wa jami'an jiha su taimaka wajen kamun. Jihohin arewa suka riƙe wannan, Massachusetts ta hana jami'anta sa hannu tun 1843. Kudu ta fusata, aka kafa dokar kamun bayi mafi tsanani a 1850. Ɗan Story ya ruwaito cewa mahaifinsa yana ɗaukar hukuncin nasara ce ga 'yanci, amma Margaret da 'ya'yanta ba su amfana da wannan nasara ba.

Kammalawa

Story ya rasu a Cambridge ranar 10 ga Satumba, 1845, bayan shekara 33 a kan kujera. Hukunce-hukuncen nan biyu sun fito ne daga tushe ɗaya. A ganinsa, alƙali ba ya yanke hukunci da abin da zuciyarsa ke so, sai da abin da doka ta rubuta, kuma ɗorewar tarayya na gaba da komai. Rubutacciyar doka ta tsaya wa 'yan Mende, sai ya sake su. Ta juya wa Margaret baya, shi ma ya juya. Tarayyar da ya so ya kare da wannan sassauci ta faɗa yaƙin basasa a 1861, kuma sai a 1865 aka gyara kundin da kansa aka haramta bauta. Har yau masana shari'a na muhawara a kan ko akwai wata hanya da Story zai iya bi a 1842, da kuma nauyin da ke kan alƙali idan dokar da ya rantse zai kare ita ce mai zalunci.