Ƙwayar Kafin Tashi: Tarihin Maganin Tsoron Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgi ya san irin shirun da yake sauka idan aka fara kiran fasinjoji. Dattijon da ya wuni yana ba mutane dariya sai ka ga ya kama carbi ya yi tsit. Wani kuma tun tafiya tana saura mako guda barci ya ƙaurace masa. A irin wannan lokaci ba a rasa mai shawara: "Alhaji, ka biya kemis ka sayi ƙwayar nan, kana sha sai dai a tashe ka a Jidda."

Wannan shawara ba a nan ta samo asali ba. Tana da tarihi mai tsawo, wanda ya bi ta ɗakunan bincike na Jamus da Amurka kafin ya iso kemis ɗin unguwarmu. Yau za mu bi wannan tarihi don mu amsa tambaya guda: ƙwayar tana warkar da tsoron jirgi ne, ko ɗage shi kawai take yi zuwa wata rana?

Lokacin da tsoron yake da hujja

A shekarun 1920 zuwa farkon 1930, wanda ya ji tsoron jirgi ba a ganin laifinsa. Jiragen fasinja na lokacin ƙanana ne, a ƙasa-ƙasa suke tafiya cikin hadari da iska, ga ƙarar inji, ga sanyi, ga gargada, fasinjoji suna ta amai. Kamfanoni suka rasa yadda za su shawo kan mutane su shiga.

Wata ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, mai suna Ellen Church, ta kawo dabara. Ta iya tuƙin jirgi, amma a lokacin ba a ɗaukar mata wannan aiki. Sai ta ba kamfanin Boeing Air Transport shawarar ya riƙa sa nas-nas a cikin jirgi, domin ganinsu zai kwantar wa fasinjoji hankali. Kamfanin ya yarda, ya ɗauki mata 8, ita kuma ta fara aiki ranar 15 ga Mayu, 1930. Asalin ma'aikatan jirgi mata ke nan. Ka ga ashe maganin tsoro na farko da aka sa a jirgi mutum ne mai natsuwa wanda ya san abin da yake faruwa.

Ba wai babu magungunan kwantar da hankali a lokacin ba. Akwai dangin babiturat, waɗanda na farkonsu ya fito a Jamus a 1903 daga binciken Emil Fischer da Joseph von Mering. Suna sa barci sosai, sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da zai sa ka barci da wanda zai tsayar maka da numfashi ba ta da yawa. Mutane da dama sun mutu ta wannan hanya, wasu bisa kuskure.

Jirage kuma suka ci gaba da inganta. Aka fara daidaita iskar cikin jirgi yadda zai iya hawa sama da mafi yawan hadari, sannan a watan Oktoban 1958 kamfanin Pan Am ya fara jigila tsakanin New York da Faris da jirgin Boeing 707. Tafiya ta ƙara sauri da aminci, miliyoyin mutane suka fara hawa. Tsoron dai bai tafi ba. Dalili kuwa, ɓangaren ƙwaƙwalwa da yake kaɗa ƙararrawar haɗari, wanda ake kira amigdala, bai san lissafi ba. Abin da ya sani shi ne an kulle ƙofa, kana sama, kuma ba kai kake tuƙi ba.

Kwalbar da aka kusa zubarwa

A 1955 aka fitar da wata ƙwaya a Amurka mai suna Miltown, aka ce tana kwantar da hankali ba tare da ta kayar da mutum ba. Ta yi kasuwa ƙwarai, sauran kamfanonin magani suka shiga neman tasu.

A kamfanin Roche, reshen jihar New Jersey, aikin ya faɗa hannun Leo Sternbach, masanin haɗa sinadarai da ya yi karatu a Poland, ya kuma yi hijira zuwa Amurka a 1941 lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya haɗa sinadarai masu yawa, aka gwada, babu wanda ya yi aiki, har aka ce ya koma wani aikin. A 1957, ana cikin kintsa ɗakin binciken, abokin aikinsa Earl Reeder ya nuna masa wani sinadari da aka haɗa tun 1955 amma ba a taɓa gwadawa ba. Maimakon a zubar, sai aka aika wa Lowell Randall, mai gwajin magunguna a kan dabbobi. Dabbobin suka yi laushi, jikinsu ya saki, faɗa ya ragu, kuma idonsu biyu.

Wannan sinadari shi ne aka fitar da sunan Librium a 1960. A 1963 ƙanensa ya biyo baya, wato dayazefam, wanda duniya ta sani da Valium. Dangin nan ana kiransu benzodayazefin. Sun fi babiturat aminci nesa ba kusa ba, domin da wuya su kaɗai su kashe mutum. Likitoci suka saki jiki suna rubuta su don rashin barci, damuwar aiki, ciwon baya, da fargabar tafiya. Daga 1969 zuwa 1982 babu maganin da ya fi Valium kasuwa a Amurka, kuma a 1978 kaɗai an sayar da ƙwaya sama da biliyan 2.

Abin mamaki, sai a 1977 masu bincike a Denmark da Suwizalan suka gano inda maganin yake kamawa a ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari da ake kira GABA, wanda aikinsa kamar birki ne: yana rage gudun saƙonni tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Benzodayazefin yana ƙara wa wannan birki kamu. To amma birkin ba a wajen tsoro kaɗai yake ba. Yana wajen tunani, da saurin motsi, da ajiye abin da ya faru. Idan ka taka, duka suke lafawa.

Ranar biyan bashi

Ba a daɗe ba illa ta fara bayyana. Waɗanda suka sha na watanni suka tarar ba sa iya dainawa: da sun tsaya sai rawar jiki, rashin barci, da fargabar da ta fi ta farko, wasu har da jijjiga. A 1979 Sanata Edward Kennedy ya jagoranci zaman sauraron ba'asi a kan lamarin a majalisar dattawan Amurka. A 1988 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Birtaniya ya ce kada a wuce mako 2 zuwa 4 ana shan su, kuma sai fargabar ta yi tsanani.

Matafiya ma sun samu nasu rabon. A 1987 wasu likitoci biyu, Morris da Estes, suka wallafa labarin masana ƙwaƙwalwa 3 da suka tashi daga New York zuwa Turai. Kowannensu ya sha wata ƙwayar barci ta wannan dangi mai suna Halcion don ya samu barci a jirgi, kuma sun haɗa da giya. Sun sauka lafiya, sun yi harkokinsu, waɗanda suka gan su ba su lura da komai ba. Daga baya kowannensu ya tarar da sa'o'i da dama sun ɓace daga tunaninsa, bai san me ya yi a cikinsu ba. Birtaniya ta janye Halcion daga kasuwa a 1991.

Gwajin mata 28

Duk da haka, mutum zai iya cewa: ni ba kullum zan sha ba, ƙwaya ɗaya ce ranar tafiya. Wannan tambaya ce Frank Wilhelm da Walton Roth na jami'ar Stanford suka gwada, suka wallafa sakamakon a 1997.

Sun samu mata 28 masu tsananin tsoron jirgi, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kafin tashin farko, aka ba 14 miligiram 1 na alfurazolam, wato Xanax, sauran 14 kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Babu wadda ta san abin da ta sha. Bayan mako guda aka sake sa su duka a jirgi, wannan karon ba ƙwaya.

A tashin farko, maganin ya yi abin da ake tsammani. Waɗanda suka sha shi sun kimanta tsoronsu a maki 5.0, sauran kuma 7.4. Amma na'urorin da aka maƙala musu sun nuna wani abu daban: zuciyar masu maganin tana bugawa kusan sau 114 a minti, ta sauran kuma 105. Wato baki yana cewa lafiya lau, jiki kuwa yana cikin tashin hankali.

A tashi na biyu lamarin ya juye. Waɗanda ba su taɓa shan maganin ba, tsoronsu ya sauka zuwa 5.6. Waɗanda suka sha a karon farko, nasu ya haura zuwa 8.5. A cikinsu, masu samun mummunan firgici a jirgi sun tashi daga kashi 7 cikin 100 zuwa kashi 71, wato daga mace 1 zuwa 10.

Mata 28 ba su da yawa, kuma gajeriyar tafiya aka yi da su, don haka ba za a ce haka zai faru da kowa ba. Amma sakamakon ya dace da abin da aka sani game da yadda tsoro yake gushewa. Ƙwaƙwalwa tana hasashen bala'i, ka zauna cikin abin, bala'in bai zo ba, sai ta gyara hasashenta. Matan da ba su sha magani ba sun wahala, amma sun sauka da darasi. Masu maganin sun sauka lafiya su ma, sai dai ƙwayar ce ta karɓi yabon. Ƙari a kan haka, maganin yana raunana ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa, kamar yadda ya faru da matafiyan 1987.

Ɗaya hanyar

Wannan hanyar koyo ta girmi Valium. A 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki da wani yaro mai tsoron zomo. Kullum ana matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron yake cin abin da yake so, har ya kai ga taɓa shi. A 1958 Joseph Wolpe, likitan ƙwaƙwalwa daga Afirka ta Kudu, ya wallafa tsarin da ake fuskantar abin tsoro mataki-mataki tare da koyon sakin jiki. A 1975 wani matuƙin Pan Am, Kyaftin Truman Cummings, ya fara kwas na masu tsoron jirgi, kamfanin British Airways ma yana gudanar da irinsa tun 1986.

Abin da ake yi a irin waɗannan kwasa-kwasai ba sihiri ba ne. Matuƙi ya bayyana maka cewa ƙarar da kake ji bayan tashi tayoyi ne suke naɗewa, raguwar ƙarar inji bayan an hau da gangan ne, gargada kuma iska ce marar daidaito wadda aka ƙera jirgin ya jure mata. Masanin halayyar ɗan Adam ya koya maka jan numfashi a hankali da yadda za ka bar tsoron ya hau ya sauka da kansa. A ƙarshe a shiga jirgi tare. Idan ka lura, dabarar Ellen Church ce ta dawo da ƙarin ilimi.

Me ya sa doguwar tafiya ta fi haɗari ga mai ƙwaya?

A 'yan shekarun nan asibitocin unguwa da yawa a Birtaniya sun daina rubuta dayazefam don tsoron jirgi. Hujjojinsu sun fi shafar doguwar tafiya.

Na farko, iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, don haka oksijin na jini yana ɗan raguwa. Ƙwayar tana iya rage numfashi, musamman ga tsoho, mai ciwon huhu, mai minsharin da numfashi yake yankewa, ko wanda ya haɗa ta da giya, tiramadol ko kodin. Na biyu, daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa kusan biyu bayan tafiyar awa 4 a zaune, ko da yake a tsakanin matafiya kusan 6,000 mutum 1 ne yake samu. Tafiyar Kano zuwa Jidda ta haura awa 4, kuma wanda ƙwaya ta kwantar ba ya ko motsa ƙafa. Na uku, ana ƙera jirgi ne yadda za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 idan wani abu ya faru, mai magagi kuwa yana jinkirta kansa da na bayansa. Na huɗu, wasu ƙwayar tana birkita su maimakon ta kwantar. Na biyar, doka: a ƙasashe irin su Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, shiga da waɗannan magunguna ba tare da takardar likita ba yana iya jefa mutum cikin matsala.

Wannan ba ya nufin dayazefam mugun magani ne. Har gobe da shi ake tsayar da jijjiga a asibiti, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Akwai kuma yanayin da likita zai duba ya ga ƙwaya ɗaya ta fi fasa tafiyar da ta zama dole. Wannan hukuncin likitan da ya san lafiyarka ne, ba na mai kemis ko abokin tafiya ba. Wanda kuma ya daɗe yana shan ta bisa umarnin likita, kada ya yanke rana ɗaya saboda ya karanta wannan rubutu, domin yankewa kwatsam yana da nasa haɗarin.

Idan kana da tafiya a gaba kuma gabanka yana faɗuwa, ka fara shiri tun da sauran makonni. Ka ga likita ko masanin halayyar ɗan Adam. Ka nemi wanda ya saba hawa ya bayyana maka abin da za ka ji daga tashi har sauka. Ka nemi kujerar da ke kusa da fiffike, inda gargada ta fi sauƙi, ka rage kofi da goro ranar tafiya, ka riƙa miƙewa kana taka ƙafa. Da ka shiga, ka gaya wa ma'aikatan jirgi cewa kana jin tsoro. Sun saba, kuma asalin aikin nasu ke nan. Wataƙila tafiyar farko ta yi maka wuya, amma gwajin 1997 ya nuna waɗanda suka jure ta farko da idonsu biyu su ne suka samu sauƙin ta biyu.