Gurbin Dara da Saƙar Zuma

Dara mai gurbi 30, wadda ake haƙawa a ƙasa layi biyar, kowane layi gurbi shida, tana cikin tsofaffin wasannin manya a ƙasar Hausa, kuma Dakarkari da Zabarmawa ma suna yin ta. A ƙauyukan kudancin Jigawa, daga Yalwan Damai har Gwaram, kakarta rani ce, bayan hatsi ya shiga rumbu. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara, don haka in an gama zubi gurbi shida kacal ke saura. Ɗa yana matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya, dama ko hagu, wanda ya jera uku kuwa ya ci ɗan abokin karawarsa. Ba a tafiya ta kusurwa, ba a kuma lissafa jerin da ya karkace. A ganina wannan hanin shi ne ginshiƙin wasan, domin da shi dara ta tsallake wata matsala da ta daɗe tana wahalar da masu tsara wasannin taswira a Turai da Amurka.

Matsalar ta awo ce. A fage mai gidaje murabba'i, taku ta kusurwa ya fi taku miƙe tsawo da kusan kashi 41 cikin ɗari. In wasa na jera 'ya'ya ne, wannan bai dami kowa ba. Amma da Johann Hellwig ya fito da wasan yaƙinsa a Jamus a 1780, ya ari gidajen wasan ces ya ce su ne fili da kogi da tudu, sai ya zama rundunar da ta bi kusurwa ta riga wadda ta miƙe isa, alhali takunsu ɗaya. A 1824 Reisswitz ya gabatar wa sojojin Furusiya wasansa a kan taswirar gaske, ba gidaje, sai awo da ma'auni. Gida mai kusurwa shida ya zo daga baya. Piet Hein ya gina wasan Hex a kansa a Denmak a 1942, kamfanin Avalon Hill kuma, wanda ya buga wasan Gettysburg da murabba'i a 1958, ya sake shi da mai kusurwa shida a 1961, saboda maƙwabta shidan duk nisansu ɗaya ne. Da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a 1974, sai 'yan wasa suka raba aiki: murabba'i ga ɗakuna da lunguna, tunda bango a miƙe ake gina shi, mai kusurwa shida ga daji. Duk da haka kusurwa ba ta bar su sun huta ba. Bugun wasan na 2003 ya lissafa kowane taku na biyu ta kusurwa a matsayin biyu, na 2008 ya yi watsi da lissafin gaba ɗaya.

Wani zai ce dara ta tsaya a kan murabba'i ne don magabata ba su san ɗaya siffar ba. Wannan magana ba ta da ƙafa. Duk wanda ya taɓa sauke amya daga bishiya ya ga saƙar zuma da gidajenta masu kusurwa shida, kuma goce layi ɗaya da rabin gurbi ba ya ƙara wa mai haƙa wahala. Wani kuma zai ce mai kusurwa shida ya fi adalci, ai kuwa gaskiya ne, in nisa ake aunawa. Dara ba ta auna nisa. Gurbinta ba ya wakiltar gona ko dutse, abin da ake nema a cikinsa toshe hanya ne da buɗe ta. In aka ba kowane ɗa maƙwabta shida maimakon huɗu, hanyoyin jeri suka tashi daga biyu zuwa uku, to a fage mai cunkoso haka jera uku zai yi arha, toshewa ta yi wuya, kuma wanda ya fara motsi bayan zubi zai riƙa ci tun ɗayan bai gyara zama ba.