Daga Sha Biyun Dare Zuwa Asuba: Tarihin Shirin Vin Scelsa

Mu da muka tashi da shirin Zaɓi Sonka mun san yadda ake yi: mai sauraro ya aiko da kati, ya gai da dangi da abokai, a sa masa waƙar da ya zaɓa. A Amurka akwai wani salo dabam, inda mai gabatarwa ne ke da wuƙa da nama. Babu manajan da zai miƙa masa jerin waƙoƙi, babu mai tallan da zai ce ga abin da yake so. Faifan da ransa ya ba shi a daren, shi zai ɗora. Suna kiran salon da suna freeform, wato shirin da ba a gindaya masa ƙa'ida ba. Ɗaya daga cikin wuraren da ya fara yin saiwa shi ne wani ƙaramin gidan rediyon ɗalibai a jihar New Jersey.

Kafin mu fahimci darajar abin, sai mun duba yadda rediyo yake a lokacin. Tun daga shekarun 1950, gidajen rediyon kasuwa suka rungumi tsarin Top 40: waƙoƙi arba'in da suka fi kasuwa, su ake ta maimaitawa dare da rana. Zangon FM kuwa ba a damu da shi ba, domin kuɗin yana zangon AM. Tun 1945 hukumar sadarwa ta ƙasar ta keɓe farkon zangon FM, daga 88 zuwa 92, ga tashoshin ilimi waɗanda ba sa neman riba. Ta wannan ƙofa Kwalejin Upsala, wadda Kiristoci 'yan asalin Sweden suka kafa a 1893, ta buɗe tasharta mai suna WFMU a 1958 a garin East Orange. Da farko laccoci da addu'o'in coci da kiɗan manya ne abincinta.

A watan Nuwamba na 1967 wani ɗalibi mai suna Vin Scelsa, wanda bai cika shekara 20 ba, ya karɓi lokacin da babu mai so: daga sha biyun daren Asabar zuwa shida na safe. Ya raɗa wa shirin suna The Closet, wato ɗan ƙuryar ajiyar kaya. A cikin sa'o'i shidan nan yakan haɗa kiɗan da ba a saba jin su tare ba, ya tsaya ya yi hira da mai sauraro kamar suna zaune a tabarma ɗaya. Gwanintar ba a yawan faifai take ba, tana ga sanin wace waƙa ce za ta bi bayan wace.

Shirin ya karɓu har a 1968 tashar gaba ɗaya ta koma wannan salo. Amma daɗin bai daɗe ba. Zamanin yaƙin Vietnam ne da boren matasa, kuma abin da ke fita daga tashar bai yi wa hukumar kwalejin daɗi ba. A ƙarshen watan Agusta na 1969 Scelsa da abokan aikinsa suka bar tashar, aka rufe ta na wasu watanni. Daga nan labarin ya rabu gida biyu.

Scelsa ya shiga rediyon kasuwa a birnin New York. Ya yi aiki a WNEW-FM daga 1973, kuma shi ke kan aiki a daren 8 ga Disamba 1980, lokacin da aka harbe mawaƙi John Lennon, inda tashar ta zama tamkar zauren makoki ga mutanen birnin. A 1982 da aka ce dole kowane mai gabatarwa ya bi jerin waƙoƙin da aka tsara, sai ya kama gabansa. A 1985 ya koma WXRK, inda shirinsa ya samu sunan da aka fi saninsa da shi, Idiot's Delight, wato abin da ke burge wawa. Ya sake zama a WNEW daga 1996, amma daga baya kasuwa ta sake ƙin sa. A 2001 ya kai shirin WFUV ta Jami'ar Fordham, ya ci gaba har zuwa 2 ga Mayu 2015 da ya yi bankwana. A rediyon makaranta ya fara, a rediyon makaranta ya ajiye.

Ita kuwa WFMU, sannu a hankali ta koma salon da aka kore. Irwin Chusid ya shigo a 1975, Ken Freedman ya zama manaja a 1985. Da suka ga bashi ya yi wa kwalejin katutu, ma'aikata da masoya suka kafa ƙungiyar da ba ta riba ba mai suna Auricle Communications, suka sayi lasisin a 1994. Shekara guda bayan haka kwalejin ta rufe har abada, tashar na ci gaba da watsa shiri daga harabar da ta zama kufai. A 1997 ta fara watsawa ta intanet, a 1998 ta ƙaura zuwa Jersey City. Har yau masu gabatar da shirye-shiryenta 'yan sa-kai ne, kuma duk shekara sukan fito su nemi gudummawar masu sauraro.

Idan muka jera labaran biyu, abu guda suke faɗa mana: mai biya shi ke zaɓen waƙa. Duk inda kuɗin talla ya riƙe tasha, an kai lokacin da aka ƙwace faifai daga hannun Scelsa. Inda masu sauraro suka ciro kuɗi daga aljihunsu, 'yancin ya daɗe har ya wuce makarantar da ta haife shi.

Yau wayar hannunmu ce ke zaɓa mana, kuma abin da muka ji jiya shi take dawo mana da irinsa. Jami'o'inmu ma yanzu suna da tashoshinsu, irin su BUK FM a Kano. Akwai lokacin tsakar dare da babu mai so, akwai kuma ɗalibin da zai iya sa Shata, ya bi shi da Ali Farka Toure, ya gaya mana dalili. Abin da ya rage shi ne a ba shi makulli.