Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Jiragen da Suka Sauka Inda Ba a Aike Su Ba

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a mafi yawan al'amuran duniya maganar tasa tana kan hanya. Amma akwai wani ɓangare na tarihin sufurin jiragen sama da ya sa nake ɗari-ɗari da wannan karin magana, wato tarihin matuƙan da suka hangi titin sauka da idanunsu, suka gamsu da shi, suka dire a kansa lami lafiya, sannan aka shaida musu cewa ba nan aka aike su ba. A wannan maƙala zan bi sawun wannan kuskure tun daga shekarun 1950, domin a ga yadda yake faruwa, da dalilin da ya sa ya ƙi ƙarewa.

Hanyoyin sauko da jirgin fasinja iri biyu ne. Akwai sauka da na'ura, inda saƙon rediyo daga ƙasa ko na tauraron ɗan'adam yake jan jirgi har bakin titi, ko da hazo ya rufe gari. Akwai kuma sauka da ido, inda matuƙi yake shaida wa jami'in hasumiya cewa ya ga filin, sai a ba shi izinin ƙarasawa da kansa. Wannan ta biyu ta fi sauri, tana rage cunkoso da ƙonar mai, shi ya sa ake yawan bin ta idan sama ta yi garau. Sai dai daga lokacin da matuƙi ya ce ya gani, nauyin tabbatar da abin da ya gani ya koma wuyansa.

Birnin Bombay na Indiya, wanda ake kira Mumbai a yau, yana da ƙaramin fili mai suna Juhu dab da babban filinsa na Santa Cruz, kuma titunansu sun fuskanci kusan nahiya ɗaya. A 1953 wani jirgin Comet na kamfanin BOAC ya sauka a Juhu bisa zaton Santa Cruz ne. A watan Satumba na 1972 jirgin DC-8 na kamfanin Japan Airlines ya maimaita haka. Titin ya yi masa kaɗan, ya zarce ƙarshensa, kuma ko da yake ba a rasa rai ba, jirgin bai sake tashi ba. A Landan ma, cikin Oktoba 1960, Boeing 707 na kamfanin Pan Am ya dira a sansanin sojan sama na Northolt maimakon Heathrow. Maganin da aka yi wa abin daga baya ya nuna yanayin zamanin: an rubuta manyan haruffa a jikin rumbunan iskar gas biyu da matuƙa ke ɗauka alamar hanya, LH a na Southall, NO a na Harrow ta Kudu, don kowa ya san inda ya dosa.

Da na'urori suka bunƙasa, an yi zaton matsalar za ta zama tarihi. Ba ta zama ba. A daren 20 ga Nuwamba 2013 wani ƙaton jirgin kaya, Boeing 747 Dreamlifter, da ya nufi sansanin McConnell a Wichita ta jihar Kansas, ya sauka a ƙaramin filin Jabara, wanda titinsa bai wuce ƙafa 6,101 ba, kusan rabin wanda ya nufa. Ba a cika wata biyu ba, ranar 12 ga Janairu 2014, jirgin Southwest mai lamba 4013 da ya taso daga Chicago zuwa Branson ya sauka a wani fili na kusa mai titin ƙafa 3,738, sai da matuƙan suka taka birki iya ƙarfinsu kafin ya tsaya kusa da ƙarshen titin. Duka biyun da dare ne, sama a buɗe, kuma na'urorin da ke gaban matuƙan suna nuna inda filin gaskiya yake. Fitilun da suka hango ta taga ne suka ɗauke musu hankali daga kallon allon da ke gabansu.

Abin da ya fi tayar da hankali a wannan tarihi shi ne wanda ya faru a San Faransisko daren 7 ga Yuli 2017, gab da ƙarfe goma sha biyu. Filin yana da tituna biyu a jere, 28 na hagu da 28 na dama, sai kuma hanyar gefe mai suna C a hannun damansu, wadda jirage ke bi su yi layin tashi. A wannan dare an rufe titin hagu domin gyara, an kashe fitilunsa. Jirgin Air Canada mai lamba 759 daga Toronto ya sami izinin sauka a titin dama. Matuƙan sun saba ganin layuka biyu na haske, kuma layuka biyu suka gani. Sai suka ɗauki titin dama a matsayin na hagu, suka ɗauki hanyar C a matsayin nasu. A kan wannan hanya jiragen fasinja huɗu ne ke jere, cike da mai da fasinjoji.

Zuciyar matuƙan ta ɗarsa, har suka tambayi hasumiya game da fitilun da suke gani a kan titi. Jami'in ya duba titin dama, ya ga ba kowa, ya tabbatar musu da haka. Amsarsa gaskiya ce, amma shi da su ba wuri ɗaya suke nufi ba. Wani matuƙi daga cikin masu jiran tashi ne ya yi magana ta rediyo cewa jirgin nan hanyar gefe ya nufo, wani kuma ya kunna manyan fitilunsa. Matuƙan Air Canada suka fasa sauka suka ƙara wuta, amma sai da jirgin ya sauko zuwa kimanin ƙafa 60 daga ƙasa kafin ya soma ɗagawa.

Binciken hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta Amurka ya gano abubuwa da dama da suka haɗu. Sanarwar rufe titin tana shafi na 8 cikin takardu masu shafi 27 da aka ba matuƙan. Ba su saita na'urar da za ta tabbatar musu da layin titi ba. Kyaftin ɗin ya shafe fiye da awa 19 ba barci. A ƙarƙashin duka waɗannan kuma akwai halin ɗan'adam na ganin abin da yake sa ran gani. Fitilun gefen titin sauka farare ne, na hanyar gefe kuwa shuɗaye, tsakiyarta kore, amma wanda ya riga ya yanke hukunci a ransa yakan wuce irin wannan bambanci bai lura ba. Bayan haka hukumar jiragen sama ta Amurka ta hana sauka da ido da dare a wannan fili idan titin da ke maƙwabtaka yana rufe, aka kuma inganta na'urorin hasumiya don su yi ƙara idan jirgi ya nufi hanyar gefe.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi na shekara sittin da ɗoriya shi ne, masu wannan kuskure galibi ba 'yan koyo ba ne. Ƙwararru ne da suka sauka sau dubbai, kuma sabon da suka yi da aikin ne ya sa suka amince da kallo ɗaya. Shi ya sa a yau ake koya wa matuƙi ya saita na'urarsa ko da gari ya yi fes, ya haɗa abin da taga ta nuna da abin da allo ya nuna, kuma idan shakka ta shige shi ya fasa sauka ya sake zagayowa ba tare da jin kunya ba. Zagaye ɗaya mintuna kaɗan yake ci da ɗan mai, kuma a San Faransisko shi ne ya tsare rayukan mutum fiye da dubu.